Birkin tirela a bayan a-kori-kura: na'urar kamfani ko ta kasuwa?

Lita 1,000 na ruwa tan guda ne cif. Wanda ya ɗora tankin lita 2,000 a kan ƙaramar tirela, ya haɗa da nauyin ƙarfen tirelar da na tankin kansa, to abin da yake ja ya fi Hilux ɗin da yake tuƙawa nauyi, don ita ba ta wuce tan 2 da 'yan kai ba. A Damagaram kuwa, inda ƙarancin ruwa ba baƙon abu ba ne, jan tanki aikin yau da kullum ne. Ga masu haƙar rijiyar burtsatse da ke jan injin iska, ga masu janareto, ga masu kai raguna kasuwa idan Layya ta matso. Birkin a-kori-kura an yi shi ne don ya tsayar da ita da kayan da ke bayanta. Kamfanoni da yawa suna rubuta kilo 750 a matsayin iyakar tirelar da za a ja ba tare da birkin kanta ba. Duk abin da ya haura haka, tirelar ce ya kamata ta taya motar tsayawa, in ba haka ba ranar da jaki ya faɗo titi a hanyar Mirya, direba zai taka birki ya ji ana tura shi daga baya.

Kafin a shiga gardamar wace na'urar sarrafa birkin tirela ta fi, wadda kamfani ya haɗo da mota ko wadda ake saye a kasuwa a ɗaura, sai an fara leƙa ƙarƙashin tirelar. Yawancin tirelolin da ake ƙerawa a garejin walda na cikin gari ba su da birki ko kaɗan, layin tayar wata tsohuwar mota ne aka yanko aka ɗora wa ƙarfe. Waɗannan babu na'urar da za ta amfane su sai an sauya musu layin taya mai birki. Waɗanda suka zo daga Faransa, Beljiyam ko Jamus kuwa, galibi birkinsu a wuyan tirelar yake: idan mota ta rage gudu, tirelar ta turo, wuyan ya matse, shi ne ke jan birkin. Dokar Turai ta yarda da irin wannan har zuwa tan 3 da rabi, kuma ba ya buƙatar komai a cikin mota. Wanda tirelarsa irin wannan ce, ya ajiye kuɗinsa. Maganar na'ura ta shafi tirela mai birkin lantarki ne kawai, irin na Amurka da Ostareliya, wadda za ka ga wayoyi biyu suna shiga bayan kowane tambur, wato gangar birkin da ke juyawa tare da taya.

A cikin tambur ɗin akwai maganaɗisu. Idan wuta ta shige shi sai ya manne da fuskar tambur mai juyawa, juyawar ta ja wani hannun ƙarfe, hannun ya buɗe ƙarafan da ke matse tambur daga ciki. Wuta kaɗan, birki kaɗan. Wuta da yawa, birki mai ƙarfi. Kowane maganaɗisu yana jan wajen amfiya 3, ke nan tirela mai layin taya biyu tana jan kusan 12. Aikin na'urar da muke magana a kai shi ne ta yanke shawarar yawan wutar da za ta tura, da lokacin da za ta tura ta. A nan ne ta kamfani da ta kasuwa suka rabu.

Ta kamfani tana zaune ne a cikin kwamfutar motar. Ford ce ta fara saka ta a manyan a-kori-kura nata na Super Duty a samfurin 2005, daga baya F-150 da motocin Chevrolet da Ram suka samu, Toyota kuma ta saka wa Tundra tun daga samfurin 2016. Abin da direba ke gani ɗan ƙaramin abu ne a jikin tablo: maɓalli biyu na ƙari da ragi, da wani abin matsewa da yatsu biyu mai kama birkin tirela kaɗai. Sauran bayanin yana fitowa a allon da ke bayan sitiyari. Fifikonta na gaske shi ne ba ta yin hasashe. Irin ta Ford tana karanta matsin man birki kai tsaye, don haka ƙafarka na taɓa feda ta san ko lallaɓawa kake ko tsayuwar gaggawa ce. Ta san gudun motar. Idan ABS, tsarin da ke hana tayoyin mota ƙamewa, ya fara aiki a kan yashi ko titi mai ruwa, tana rage wutar da take tura wa tirela don kada tayoyinta su ƙame su ja ƙasa. A motocin da ke da tsarin hana tirela rangaji, duk kwamfuta ɗaya ce ke kula da lamarin. Wanda ya taɓa jan kaya mai nauyi da irin wannan mota ya san daɗinta: ka taka birki, mota da tirela su sauko tare, babu fizga, babu turi. A wajen santsin aiki ban ga ta kasuwar da ta kamo ta ba.

Ta kasuwa kashi biyu ce, kuma tazarar da ke tsakanin kashin biyu ta fi tazarar da ke tsakanin mai kyaunsu da ta kamfani. Kashi na farko mai ƙidayar lokaci ne. Da zarar fitilar birki ta kama, sai ta fara tura wuta tana ƙarawa har ta kai iyakar da ka saita, ba ruwanta da yadda ka taka. Ko a cunkoson Kasuwar Dole kake lallaɓawa tsakanin 'yan kabu-kabu, ko yaro ne ya gifta maka kana gudun 80, amsarta ɗaya. A cikin gari tana fizgar tirela, a gaggawa kuma tana makara. Ita ce mafi arha. Wanda zai ja dabbobi ko ruwa, ban ba shi shawarar ta ba ko kyauta aka ba shi, don fizgar nan ita ke kayar da shanu a kan junansu, ita ke sa ruwan tanki ya dako gaba ya dawo baya.

Kashi na biyu shi ne mai jin motsi. A cikinta akwai ɗan abin awo da ke jin yadda motar ke rage gudu, sai ta tura wuta daidai gwargwado. Tekonsha na Amurka suna da Prodigy P2 da P3. P3 tana ɗaukar har layin taya 4, tana da allon da ke nuna yawan wuta da kuma inda matsala take. Redarc na Ostareliya suna da Tow-Pro Elite, wadda ake ɓoye jikinta a bayan tablo, ɗan maɓallin murɗawa kawai ke fitowa waje. Ba abin mamaki ba ne da ta fito daga can, don dokar Ostareliya ta ce tirelar da ta haura tan 2 dole direba ya iya sarrafa birkinta daga kujerarsa, kuma motocin da suke ja da su su ne irin namu, Hilux da Land Cruiser. Irin waɗannan na'urori ba sa jin ƙafarka, sai motar ta fara rage gudu tukuna su amsa, amma tazarar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, a kan kwalta mai kyau da wuya direba ya lura.

To, a takarda ta kamfani ta yi nasara. Sai dai mu ba a takarda muke tuƙi ba, kuma tambayar farko ita ce wace mota ce a ƙofar gidanka. Hilux da Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya su ne suka cika hanyar Tanut da ta Gure, kuma waɗanda muke gani ba su zo da wannan na'ura daga kamfani ba. Ga mai irin wannan mota babu zaɓi biyu, ta kasuwa ce kawai, abin da ya rage shi ne wace iri. Zaɓin gaske yana gaban mutanen da suka sayi motar Amurka ta hannu, Tundra ko F-150 ko Silverado, waɗanda ke shigowa ta tashoshin ruwan Lome da Kwatano ko ta Kano. Su ma kashi biyu ne: wanda motarsa ta zo da na'urar, da wanda ya tarar da gurbinta a rufe da roba.

Wanda tasa ta zo da ita tana aiki, ya yi amfani da abarsa. Ba na ganin hikimar a bar na'urar da ke magana da ABS a koma liƙa akwati a ƙarƙashin sitiyari. Abu ɗaya kawai zai duba: idan tirelarsa irin wadda wuta ke tayar da famfon man birki ce, wasu tsofaffin na'urorin kamfani ba sa gane ta, sababbin ne ke da wurin zaɓar irin birkin a allo. Littafin motar zai faɗa masa.

Wanda gurbin ke rufe shi ne ya kamata ya yi dogon tunani. Ana iya sayo na'urar kamfanin a saka, amma sakawa ba ta wadatar ba. Sai an jona kwamfuta a gaya wa motar cewa yanzu tana da wannan abu, in ba haka ba maɓallin ado ne kawai. A Amurka dila ne ke yin haka cikin ɗan lokaci, masu Ford kuma wasu suna yi da kansu da manhajar FORScan. A nan fa? Sai ka nemi mai kwamfutar da ta san wannan samfurin, wataƙila a Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, ko a Kano. Kuma dole lambar na'urar ta dace da shekarar motar. In aka aiko maka da wadda ba ita ba, mayar da ita wani dogon labari ne, balle da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka koma zagaye. Ita kuwa ta kasuwa wayoyi huɗu ne: baƙa zuwa batir, fara zuwa mas (jikin ƙarfen mota), ja zuwa makunnin fitilar birki, shuɗiya zuwa soket ɗin tirela. Mafi yawan a-kori-kura na Amurka da aka shirya don ja suna da soket a ƙarƙashin tablo da ke jiran ta, ka sayi 'yar wayar da ta dace da motarka ka cusa, ko yankan waya babu. A wannan hali ni ta kasuwa mai jin motsi zan saya, ban ko waiwaya ba.

Inda na fi ba ta kasuwa maki shi ne ranar lalacewa, don komai na lalacewa, ballantana a ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40 kuma ƙurar hunturu ke shiga ko'ina. Ta kasuwa in ta mutu a Tanut, ka kwance ta ka ɗaura wata, ko ka ari ta abokin tafiya in irin ɗaya ce. Duk mai gyaran wutar mota da ya iya karanta launin waya zai yi maka. In ka sayar da motar, ka cire abarka ka kai sabuwa. Ta kamfani in ta mutu, kwamfutar mota ce ta yi ciwo, kuma ba kowane gareji ne ke da maganinta ba.

Akwai kuma wani hali na ta kamfani da ke rikita masu gyara. Tana aika ɗan siginar bincike ta wayar birki don ta tabbatar akwai tirela a jone, kuma idan mota na tsaye ba ta sakin cikakkiyar wuta don an taka feda. Sai ka ga mai gyara ya durƙusa a bayan mota da fitilar gwajinsa, kan ƙusa a cikin soket, yaronsa na ciki yana taka birki, fitilar ko ta yi ɗan ƙyaftawa ko ta ƙi kamawa. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya ce, "Alhaji, wannan ta ƙone, bari mu ja mata waya kai tsaye daga fitilar birki." Kada ka yarda. Na'urar lafiyarta ƙalau, ba ta ga tirela ba ne. In aka ja waya kai tsaye, duk taɓa birki cikakkiyar wuta ce za ta tafi, tayoyin tirela su ƙame, wayar fitila kuma ba a yi ta don ɗaukar amfiya 12 ba. Gwajin gaskiya shi ne a jona tirelar, a matse abin hannu, a saurari ƙugin maganaɗisu a jikin tambur, ko a ɗaga taya ɗaya da jak a juya ta a ga ko za ta tsaya.

Wannan yawan bincike nata alheri ne da kuma fitina. Idan soket ya yi tsatsa ko mas ya yi sako-sako, za ta yi ta rubuta maka a allo cewa tirela ta rabu, tana ƙara, alhali tirelar na nan a bayanka. Gargaɗin gaskiya ne, akwai matsala a wayar. Buɗe murfin soket mai baki 7 na motar da ta yi wata guda tana bin hanyar ƙauye ka gani: jan yashi ya daskare a gindin kowane baki, tagullar ta yi kore, wani bakin ya buɗe har fulogi na rawa a ciki. Kafin a zargi kowace na'ura, nan ake fara dubawa. A wanke, a matse bakunan, a shafa man da ake sa wa mahaɗar wuta, a ja wayar mas mai kauri daga soket zuwa jikin ƙarfen tirela maimakon a dogara da ƙwallon ja da ake maƙala tirela a kai. Yawancin abin da ake kira lalacewar na'ura a nan yake ƙarewa.

Ta kasuwa ma tana da nata laifin, kuma kusan duk a wajen ɗaurawa yake. Mai jin motsi dole ta kafu daram. Irin su P3 ana so su fuskanci inda mota ta dosa, ba a karkace ba. In aka ɗaure ta da igiyar roba a jikin wata waya tana lilo, kowane rami za ta ɗauka birki ne. Baƙar wayar kuma daga batir ake jawo ta, ta bi ta abin katse wuta mai amfiya 20 ko 30 gwargwadon yawan tayoyi, ba daga wayar rediyo ba. Jar wayar ita ce mai hatsari a sababbin motoci, don makunnin birkinsu yana da wayoyi da yawa da ke zuwa kwamfuta, in aka huda wadda ba ita ba sai fitilun gargaɗi su cika allo. Ga kuma akwatin kansa da ke zama daidai gwiwar direba, a wasu motocin ma kusa da jakar iska ta ƙasa. Wannan ne ya sa na fi son tsarin Redarc a cikin Hilux, inda wurin ƙafa ba shi da yawa. Masu tsofaffin motoci masu batir biyu su tabbatar ko tasu mai bolt 24 ce, don yawancin na'urorin nan na 12 ne. Tow-Pro Elite na cikin 'yan kaɗan da ke karɓar duka biyun.

A kan yashi da hanya mai gargada labarin yana ɗan sauyawa. Abin awon motsi yana shan girgiza, kuma birkin tirela mai ƙarfi a cikin rairayi yana sa tayoyinta su nutse su tara yashi a gabansu. Tow-Pro Elite tana da yanayi na biyu inda direba ke ƙayyade ƙarfin da kansa, an yi shi ne don irin wannan hanya. A ta kamfani abin da za ka yi shi ne ka rage lamba da hannu kafin ka sauka daga kwalta. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba mu da dogayen gangaren duwatsu da Amurkawa ke auna na'urorinsu da su. Abin da ke gabanmu tsayuwar ba-zata ce: garken awaki, amalanke babu fitila da magariba, ramin da damina ta haƙa. A irin wannan tsayuwa ta kamfani da mai jin motsi duk suna fitar da kai, mai ƙidayar lokaci ce ke barin ka a baya.

Akwai sabon salo da ba ya shiga cikin mota sam, irin Curt Echo, da ake cusawa tsakanin soket ɗin mota da fulogin tirela a saita shi da wayar hannu ta Bluetooth. Yana da amfani ga ma'aikatar da ke da motoci da yawa da tirela ɗaya. Amma yana zaune a waje cikin ƙura da rana, mai wucewa na iya zare shi, kuma abin matse birkin tirela da hannu a fuskar waya yake. Ranar da tirela ta fara kaɗa wutsiya bayan babbar mota ta wuce ka, abin da ke daidaita ta shi ne ka ɗaga ƙafa daga totur ka matse birkin tirelar kaɗai, ba tare da taka na mota ba. A wannan daƙiƙar ina son abin da yatsuna za su samu ba tare da na duba ba. Ta kamfani ta fi kowa a nan, don wurinta ɗaya ne kullum. Ta kasuwa kuma a ɗaura ta inda hannu ke kaiwa, ba inda ta fi kyan gani ba.

Batun kuɗi gajere ne. A Amurka na kasuwa suna farawa daga ƙasa da dalar Amurka 100, masu kyau su kai 200 ko su ɗan haura, kafin kuɗin aikowa da na duwan. Ta kamfani in ta zo da motar ka riga ka biya. In sakawa za a yi, a lissafa da kuɗin mai kwamfuta da na tafiya wurinsa.

Ko wacce ka zaɓa, lambar ƙarfin birki ba a saita ta sau ɗaya a manta. A ta kamfani daga 0 zuwa 10 take. Ka sami miƙaƙƙen wuri busasshe da babu jama'a, tirela na ɗauke da kayan da za ta yi tafiya da su, ka kai gudun 30 zuwa 40, ka matse abin hannu na birkin tirela har ƙarshe. In tayoyin tirela suka ƙame suka yi ƙara, rage. In ba ka ji ta riƙe motar ba, ƙara. Ana neman lambar da ke dab da ƙamewa amma ba ta kai ba. Mai tanki yana buƙatar lamba biyu a kansa, ta tafiya da ruwa da ta dawowa babu komai, don lambar da ta dace da tan 2 na ruwa za ta cinye tayoyin tankin da babu komai a cikinsa kafin a iso gari. Tankin da ke rabi ya fi duka wuyar sha'ani, gara a cika shi ko a juye.

Sai ɗan akwatin da ke wuyan tirela, mai siririyar igiyar ƙarfe da ƙaramin batir. Ba ruwansa da na'urar cikin mota. Idan tirela ta ɓalle, igiyar ta zare wani ɗan maƙulli, batirin ya tura wa birki cikakkiyar wuta ta tsaya da kanta. Tirelolin da suka sha zama a tashar ruwa galibi batirin nan ya mutu kafin su iso. A gwada shi: a cire fulogin tirela daga mota tukuna, a zare maƙullin, a ja gaba kaɗan a ga ko tayoyin sun riƙe, sannan a mayar da shi nan take don kada maganaɗisun su yi zafi. Igiyar kuma a jikin ƙarfen motar ake maƙala ta, ba a jikin sarƙa ko ƙwallon ja ba, don in ƙwallon ne ya karye tare za su tafi.